Garmahon Baba da Rikodar Mama: Ina Za Mu Kai Su?

Sa'ad da dattijo ya yi barci cikin Ubangiji, aka yi jana'iza, baƙi suka watse, sai iyali su zauna a kan maganar gado. Gona tana da mai so. Gida yana da mai so. Keken hawa, da keken ɗinki, da babbar riga, da adakar zannuwa, duk ba sa kwana ba su sami hannu ba. Amma akwai wasu kaya da kullum su ne ke saura a kusurwar ɗaki: tsohon garmaho mai hannun wani, da rediyo mai jikin katako, da rikoda wadda ƙofar kaset ɗinta ta karye, da lasifika mai bakin kakaki, da kwali guda cike da kaset-kaset da faya-fayai. Ba mai bukatarsu, gama kowa yana da waya a aljihu. Ba kuma wanda zuciyarsa ta yarda ya zubar, domin mai gidan ya ƙaunace su. Sai a ce, "A ajiye tukuna."

Mun san ƙarshen wannan ajiya. Damina biyu ko uku, laima ta shiga kwalin, gara ta ci gindinsa, ɓera ya yi sheƙa a cikin rediyo. Ran nan sai ɗan jari bola ya zo da kurarsa, wani yaro a gidan ya fito da kayan, a ɗora a sikeli, a biya shi kuɗin da bai kai na mudun masara ba. A cikin kwalin nan kuwa akwai muryar kakansa yana addu'a, wadda ba ta ko'ina a duniya sai a kaset ɗin nan guda.

Domin haka muke so mu yi shawara da ku, ya 'yan'uwa, tun kayan suna hannunku.

Yaranmu na yanzu ba su san irin aikin da waɗannan akwatuna suka yi ba, ya kamata mu gaya musu. Garmaho ba ya shan wuta, ba ya shan batir. Sifirin ne a cikinsa kamar na agogo, a wana shi da hannu, faifai ya riƙa juyawa sau 78 a minti guda, allurar ƙarfe tana bin layinsa. Fuska ɗaya ta faifai ba ta wuce kamar minti 3 ba, sai a juya, a sāke wani. Wanda aka fi sani shi ne mai hoton kare yana sauraron kakaki, watau na kamfanin His Master's Voice. A zamanin, mai garmaho a gari mutum ne.

Ba kiɗa kaɗai garmaho ya kawo ba. Wata baiwar Allah 'yar Amurka, Joy Ridderhof, ta yi aikin mishan a ƙasar Honduras, ciwo ya komo da ita gida. Tana kwance tana tunanin mutanenta da ba su iya karatu ba, sai ta ga cewa faifai zai iya zama a ƙauye ya yi ta maimaita bishara ko da mai wa'azi ya tafi. A 1939 ta kafa ƙungiyar Gospel Recordings a birnin Los Anjalis. Cikin shekarun 1950 ma'aikatan ƙungiyar suka zaga ƙasashen Afirka suna ɗaukar muryoyin mutane, kowa da harshensa. Har suka ƙago wani ɗan garmaho na kwali, ba sifirin ba inji, sai allura a bakin kwalin, mutum ya sa tsinke ko fensir ya riƙa juya faifan da hannunsa. Mai bishara ya ɗaure akwatinsa a bayan keke ya shiga ƙauyen da ba a taɓa barinsa ya buɗe baki ba. Mutane kuwa su taru domin su ga akwatin da ke magana da yarensu. Dattawa da yawa a cikin ikkilisiyoyinmu, idan ka tambaye su inda suka fara jin sunan Yesu, za su ce maka a bakin garmaho ne.

Daga baya rediyo ta zo. Tashar ELWA ta mishan ɗin SIM ta fara watsa shiri daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya a watan Janairu 1954, Hausa kuwa tana cikin harsunan da aka riƙa ji daga can. A 1963 majami'un Lutheran suka buɗe wata babbar tasha a Adis Ababa, ana shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos, a ɗakin Muryar Bishara, a naɗe a tef a aika. Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace wannan tasha a 1977, yaƙin basasar Laberiya kuma ya rushe ta ELWA a 1990. Amma rediyon da iyayenmu suka riƙa kama su da ita, ga ta nan a saman kabad. A wasu gidaje har yanzu ana ganin ɗan zane da aka yi da biro a kan gilashinta, daidai inda allura take tsayawa da magariba.

Kaset kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963. Bai cika gidajenmu ba sai bayan da aka biya kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akawuna suka sami abin hannu, kowa ya nufi kanti. A nan ne abu ya sāke. Garmaho da rediyo, saurara kawai muke yi. Rikoda kuwa ta ba talaka iko ya ɗauki murya da kansa. Aka shiga ɗauka: taron Zumuntar Mata, da gasar 'yan kwaya, da wa'azin babban taro, da ɗaurin aure, da ranar naɗa fasto. Soja a bariki mai nisa yakan yi wa tsohuwarsa magana a kaset ya ba direba ya kai, ita ma ta amsa a bayan kaset ɗin, tun da ba ta iya rubutu ba.

Akwatin daban, muryar daban

Abu na fari da muke roƙon kowane gida shi ne a raba kayan gadon nan kashi biyu a tunani. Akwai na'ura, akwai kuma abin da aka ɗauka. Na'urar, masana'anta ce ta ƙera ta dubu-dubai, ko ta lalace akwai 'yar'uwarta a wani gida. Haka kuma kaset ɗin mawaƙi da aka saya a kasuwa. Amma kaset ɗin da Baba ya rubuta wa suna da hannunsa, ko wanda ba rubutu a kansa sam, wannan ba shi da na biyu. Abin mamaki, mutane sukan riƙe rikodar domin tana da ƙyalli, su bar yara su zare kaset suna ɗaura zaren a gona domin korar tsuntsaye.

Ku tuna kuma da maganar harshe. Da yawa daga cikinmu, Hausa muke yi a gida da majami'a, amma kakanninmu da Ngas suka yi addu'a, ko Berom, ko Tangale, ko Bura, ko Jju, ko Gbagyi, ko Bachama. Akwai jikokin da ba su iya gaisuwa da yaren gidansu ba. Akwai kuma waƙoƙin da masu bi na fari suka tsara da muryar gargajiya, ba a taɓa buga su a littafi ba, waɗanda suka iya su sun ƙare. Wataƙila inda suka rage kaɗai shi ne cikin kwalin da ke ƙarƙashin gadonku.

To, sai a saurara. Amma a nan ne ɓarna ta fi yawa, domin ɗoki. Kada ku ɗauko na'urar da ta yi shekara 20 ko 30 a ajiye ku cusa wa wuta haka kawai. Da fari ku duba bayanta ku karanta. Kayan da Turawan mishan na Amurka da Kanada suka sayar ko suka bayar sa'ad da za su koma gida, da yawa na wuta 110 ne, tamu kuwa 230 ce. Ƙiftawar ido ɗaya ta isa ta ƙone shi. Ko an sa tiransifoma, wani injin da aka ƙera domin wutar Amurka yakan yi nawa a tamu, domin tasu tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Sai ka ji waƙa tana jan ƙafa, murya ta yi kauri, ka ce ko faifan ne ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Tsohuwar rediyo mai kwalabe a ciki ita ce ta fi haɗari. Wasu ƙananan kayan cikinta suna bushewa da tsufa, idan wuta ta shiga sai hayaƙi, wani lokaci kuma jikin ƙarfenta yakan ja mutum. Wannan aikin mai gyara ne, ba na ɗan makaranta mai sukurdireba ba.

Ku buɗe gidan batir. Sau da yawa za ku tarar an manta da batura a ciki, sun zubo da farin gari sun ci ƙarafan. A cire su da tsumma, a wanke hannu, kada yara su taɓa. A cikin rikoda kuma akwai wata siririyar roba da ke juya inji, ita ce ke fara mutuwa. Takan saki, ko ta narke ta zama kamar kwalta. Rikodar da robarta ta saki ita ce mai cin zare. Saboda haka kada kaset ɗin Mama ya zama na gwaji. A fara da wanda ba a damu da shi ba, a bar shi ya yi ta yi har ƙarshe, in bai tauna ba, sa'an nan a kawo mai daraja.

Kafin a sa shi, a yi abu uku. A duba saman kaset ɗin, akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, a ɓalle su. Muddin an ɓalle, ko wani ya danna jan maɓalli da kuskure, ba zai shafe abin da ke ciki ba. Mun san gidan da aka rasa rabin wa'azin ƙarshe na mahaifinsu ta haka, abin da ya hau kai kuwa surutun yara ne suna gardama a kan wane maɓalli za a danna. Sa'an nan a sa biro a ramin a juya a hankali a ga ko zaren yana tafiya. A kuma duba ɗan audugan nan da ke bayan zaren a tsakiya, gama yakan faɗi, in ba shi murya ba ta fita sosai, ana iya manna wani. Idan zaren ya tsinke ko gidan ya fashe, ba a yar ba. Mai gyara yana iya kwance shi ya mai da zaren cikin wani gida. Idan kuwa kun ga farar hunhuna a jikin zaren, ku ware shi daban, kada ya shiga na'ura ya shafa wa sauran.

Manyan tef masu faifai biyu, irin na ɗakin ɗaukar murya da na wasu fastoci da malamai, sun fi wuyar sha'ani. Idan kun buɗe kwalin kuka ji tsami kamar na ruwan tsami, tef ɗin ya fara ruɓewa ke nan. Idan an sa shi yana ƙara kamar kukan ɓera, yana barin baƙin danƙo a kan na'ura, a tsai da shi nan da nan, domin muryar ce take kankarewa. Irin wannan sai gwani.

Faifan garmaho shi ma da halinsa. Tsohon nan mai nauyi na 78, da wani irin ƙaro aka yi shi, yana fashewa kamar tangaran. Kada a goge shi da sifirit ko wani abu mai barasa, narkar da shi yake yi. Tsumma mai laushi ya isa. Allurar ƙarfe kuwa, ƙa'idarta faifai ɗaya allura ɗaya, shi ya sa ake sayar da su cikin ɗan gwangwani da yawa. Allurar da ta dakushe tana huɗar faifai kamar garma. Kada kuma a ɗora faifan roba mara nauyi, na 33 ko na 45, a kan garmaho mai wani. Kan allurarsa ya yi masa nauyi, sau ɗaya ya isa ya kashe shi. A jera faya-fayai a tsaye kamar littattafai, nesa da zafin kwano, gama na roba yana lanƙwashewa.

Idan na'ura ta yi aiki, sai a juye. Ba abu ne mai wuya ba. Wani saurayi a majami'a mai kwamfuta zai iya haɗa waya daga ramin abin sauraro na kunne zuwa kwamfutarsa, akwai kuma manhajar kyauta mai suna Audacity da ke ɗauka. In wannan bai samu ba, a ajiye wayar hannu kusa da bakin rikodar da dare, bayan an kashe janareto, an kori kaji da yara. Bai kai na farko kyau ba, amma da babu gara ba daɗi. Abin da aikin ke ci shi ne lokaci. Kaset mai lamba 90 sai an zauna masa minti 90, ba gajeriyar hanya. Gidan da ke da kaset 40 ya san abin da ke gabansa, sai a zaɓi waɗanda za a fara da su.

Kada a yi jinkiri da wannan. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana muryoyi ta duniya suka yi kashedi cewa na'urorin kunna tef da kayan gyaransu suna ƙarewa, har zuwa wajen 2025 juye tef zai zama da wuya ko ga manyan gidajen ajiya. Lokacin da suka ambata ya riga ya cim mana. Ga kuma wani agogon da ya fi wannan sauri. Muryoyin da ke cikin kaset ɗin, wa zai faɗa mana masu su? Mama ce ta san wadda ta ba da waƙa, da wanda ya yi addu'ar rufewa, da garin da aka yi taron, da ko kafin haihuwar wane ne ko bayanta. A zaunar da ita a kunna mata, wani yana riƙe da littafi yana rubutawa: wane ne, a ina, wace shekara, da wane harshe. A yi haƙuri da ita in hawaye ya zo, a tsaya, a ci gaba gobe. Abin da aka juye kuma kada ya zauna a waya guda, gama waya tana ɓata, tana faɗawa rijiya. A raba wa gida uku aƙalla. Kaset ɗin kansa kuma kada a yar don an juye.

Wani kashedi. Ba duk abin da ke kaset ne na kunnen jama'a ba. Wani saƙo ne tsakanin miji da mata. Wani zaman sulhu ne, ko zaman dattawa a kan horon wani ɗan'uwa wanda ya tuba tun tuni, 'ya'yansa kuma suna nan da rai. Kafin wani ya tura a WhatsApp, sai iyali sun ji sun yarda.

Na wane ne?

Idan uwar gida tana da rai, a ganinmu maganar ta ƙare: rediyon da ta saba ji da mijinta shekara 40 ba kayan rabo ba ne tukuna. Mun ga inda 'ya'ya suka zo daga birni suka kwashe rikoda da sunan za su gyara, tsohuwa ta zauna shiru a ɗaki, ba rikoda ba labari. Yakubu 1:27 ya sa kula da gwauraye cikin ainihin addini, ba a ce sai gwauruwar wani gida ba. In za a kai gyara, a faɗi ranar komowa, a kuma cika.

Rigima takan tashi ne ran da wani ya ji cewa Turawa suna sayen tsofaffin kaya da tsada. Abin da jiya ba mai so, yau kowa ya tuna shi ne Baba ya yi wa alkawari. Gaskiyar magana, yawancin rikodojin da ke gidajenmu, irin su National da Sharp da Sanyo, an yi su da yawa ƙwarai, kuɗinsu kaɗan ne. Akwai masu ɗan daraja: garmaho mai wani da ke aiki, da manyan na'urorin tef irin na Akai ko Grundig, da amfilifaya mai kwalabe, da tsofaffin faya-fayan mawaƙan ƙasarmu waɗanda masu tarawa ke nema. Ko su ɗin ma ba za su gina gida ba. Wanda ya zo wurin Ubangijinmu a Luka 12 yana so a sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, bai sami alƙali ba, gargaɗi a kan haɗama ya samu. Sayarwa ba zunubi ba ce, musamman in akwai kuɗin makarantar marayu ko na magani. Sai dai a yi ta a fili, da sanin kowa, a tambayi mutum biyu ko uku kafin a sallama, a kuma cire kaset-kaset na gida kafin mai saye ya ɗauka.

Ku yi hankali da masu yawo suna raɗa cewa akwai wata jar zaiba a cikin tsohuwar rediyo ko keken ɗinki, wai tana kawo miliyoyi. A 2009 irin wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya a kan kekunan Singer, mutane suka yi ta saye da kuɗi masu yawa. Ba wata jar zaiba. Ƙarshen abin, ko a fasa kayan kirki a banza, ko a karɓi kuɗinku da sunan gwaji.

Sabon gida

A cikin iyali, ba lalle sai babban ɗa ba. A duba wanda ke da ɗaki mara yoyo, da hali na riƙon abu, da sha'awa. Wani lokaci 'yar auta ce, wani lokaci jika ne mai son taɓa wayoyi. A ba shi a gaban kowa, da sharaɗi cewa amana ce, duk ɗan gidan da ya zo yana da iko ya ji.

Lasifika mai bakin kakaki da amfilifayarta, irin su Ahuja da TOA, su ne suka fi saurin samun aiki. Da yawa suna tashi da batirin mota mai 12, ga shi yanzu ana cajinsa da hasken rana. Akwai ƙananan majami'u a ƙauyuka da masu bishara a sabon fili waɗanda har yau da maƙogwaro suke fama ran kasuwa. Lasifikar da ta yi wa'azi a hannun uba ta ci gaba da yi a hannun wani, mu dai ba mu ga gidan da ya fi wannan dacewa ba. Amma fa a gyara kafin a bayar. Kai wa majami'ar ƙauye matacciyar na'ura, a karɓi godiya a gaban jama'a, a bar su da kuɗin gyaran da ba su da shi, wannan zubar da shara ne da sunan baiko. Annabi Malakai ya riga ya yi magana a kan masu kawo gurguwar dabba bagade.

Rediyo kuwa a duba ta da idon gaskiya. In ba ta da FM, tashoshin gari da yawa ba za ta kama ba, manyan tashoshin waje kuma sun rage watsa shiri a gajeren zango. Duk da haka tsoho a ƙauye, ko makaho da ya saba da manyan maɓallai yana lalubawa da hannu, zai fi jin daɗinta da wayar da sai an shafa gilashi. A tambayi fasto ko shugabar mata, sun san masu bukata.

Abin da ya shafi tarihin ikkilisiya, kamar wa'azin shugabannin fari, da manyan tarurruka, da waƙoƙin harsuna, ya fi ƙarfin gida guda. A nemi ofishin ɗarikarku, ko ɗakin karatu na makarantar tauhidi, kamar TCNN ta Bukuru wadda aka buɗe a 1959, ko JETS ta Jos, ko makarantar Littafi Mai Tsarki da marigayin ya yi. Garmaho mai kyau da tarihinsa a rubuce, ana iya tuntuɓar gidan tarihi, kamar na Jos da aka buɗe a 1952. Kada dai a ɗauki kaya a je a sauke a ƙofar ofis. A rubuta ko a je a yi magana tukuna, a kuma yi tambaya ba kunya: a wane ɗaki za a ajiye, wa ke riƙe da mabuɗi, ko za a juye a ba iyali nasu, ko jikoki za su iya zuwa su ji. In an amsa da kyau, a rubuta jerin kayan a takarda biyu, kowane gefe ya sa hannu. In an yi ta kame-kame, a komo da kaya gida, gama kabad ɗin ofis ma yana da gara. Faya-fayan Gospel Recordings kuwa, ƙungiyar ta zama Global Recordings Network, ta kuma sa abin da ta ɗauka cikin harsuna fiye da 6,000 a intanet da manhajar 5fish. Ku nemi yarenku a can, mai yiwuwa ne ku tarar da muryar da ke faifanku.

Muna da wata shawara ga dattawan gundumomi. Tun da na'urori masu aiki suna ƙarewa, me zai hana kowace gunduma ta tara biyu ko uku masu kyau daga gidajen da suka gāda, ta ajiye a wuri guda, ta sa matasa biyu a kan aikin juyewa ran Asabar? Iyalin da suka ba da rikodar mahaifinsu ga wannan aiki sun buɗe wa gidaje ɗari akwatin muryoyinsu. A kan haka ne ma muke cewa kada a raina matacciyar na'ura. Kanta, ko injinta, ko maɓallinta zai tā da wata. A kai wa tsohon mai gyaran rediyo na bakin kasuwa maimakon sikelin jari bola. Irin waɗannan masu gyara su ma tsufa suke yi, yaransu duk sun koma gyaran waya, in an sami saurayin da zai zauna kusa da su ya koya, a ƙarfafa shi. Abin da ya mutu sarai kuwa, kada a ƙone shi a tsakar gida, hayaƙin roba da dalma guba ne.

Ran da za a kai kayan sabon gidansu, a bar sifirin ɗin garmaho ya warware sarai, kada a bar shi a ɗaure, kada kuma kowa ya buɗe gidansa, gama in ya ƙwace yana yanka hannu. A cire allura, a naɗe kan da tsumma. Faya-fayai a sa kwali tsakanin kowane biyu, a ɗaure su a tsaye, wani ya riƙe a cinya, ba a but ɗin mota ba inda rana da gargada za su gama da su. Kaset-kaset a nisanta su da lasifika, domin maganaɗisun da ke bayanta yana iya taɓa abin da aka ɗauka. A ƙarshe a sa takarda a cikin murfin, a rubuta sunan mai kayan, da garinsa, da aikin da ya yi, da shekarar da ya saya in an sani, da sunan wanda za a nema a cikin iyali. A rubuta da fensir ko biro mai kyau, a sa cikin leda.